Iyakar Adireshin Baƙuwa: Abin da Ke Sa Gwaji Ya Wuce a Wata Kwamfuta, Ya Faɗi a Wata

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masu aikin manhaja kai, musamman waɗanda ke kula da kwamfutocin kwaikwayo a kan Linux. Manhaja ɗaya ce, gwaji ɗaya ne, ba wanda ya taɓa ko harafi guda a cikinsu. A kwamfutar cinya gwajin ya wuce lafiya lau. Da aka kai shi kan babbar saba sai ya faɗi, ko ya maƙale har lokacin da aka ɗiba masa ya ƙare. Wani sa'in kuma akasin haka ake gani. Daga nan sai zargi ya fara yawo: wannan ya ce memorin sabar ne ya lalace, wancan ya ce sabon kenel ne ya zo da kuskure, wani kuma ya ce dama gwajin ba shi da tabbas, a sake kunna shi kawai.

Sau da yawa tushen abin wata 'yar ƙaramar lamba ce: yawan bit ɗin da baƙuwar kwamfuta ke da ikon amfani da su wajen ambaton adireshin memori. Ruɗanin kuma yana zuwa ne daga ɗaukar da ake yi cewa lambar guda ɗaya ce, alhali a na'ura ɗaya ana iya samun huɗu ko biyar, kowace da tata iyakar. Kamar sabuwar unguwa ce da aka yanka filaye: takardar da ke hannun mai fili ta ce lambobi sun kai dubu, taswirar safiyo ta tsaya a ɗari takwas, hanyar mota ta ƙare a ɗari biyar, a tsakiya kuma ga wani yanki da hukuma ta keɓe, yana da lamba amma ba a gini a kansa.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda ba ta da ƙarfen kanta. Manhaja ce ke ƙirƙirar ta a cikin wata kwamfuta ta gaske, ta yanka mata kason memori da na furosesa, har ta tashi da Linux ko Windows ɗinta kamar kowace na'ura. Masu wannan aiki suna kiran ta baƙuwa, ta gasken da ta ɗauke ta kuma mai masauki. A Linux, ɓangaren da ke gudanar da baƙi shi ne KVM, wanda ya shiga kenel, wato zuciyar tsarin, a 2007. Galibi tare yake aiki da QEMU, manhajar da ke haɗa wa baƙuwa sauran kayanta, irin su faifan ajiya, katin intanet da allo.

Kowane bayit na memori yana da lambarsa, ita ce adireshinsa. Da bit ake rubuta lambar, wato gurbin da ke ɗaukar sifili ko ɗaya, kuma duk bit ɗaya da aka ƙara yana ninka yawan adireshi. Bit 36 suna kaiwa gigabayit 64, bit 39 gigabayit 512, bit 40 terabayit 1. Bit 46 terabayit 64 ne, bit 48 terabayit 256, bit 52 kuma petabayit 4, kuma a nan tsarin x86, na furosesan Intel da AMD, ya yi iyaka.

Adireshi iri biyu ne a kowace kwamfuta. Akwai wanda manhaja ke gani, akwai na zahiri wanda ke kai mutum ga ainihin memorin. Tsakaninsu akwai jadawalin shafuka, wanda ke fassara na farko zuwa na biyu shafi bayan shafi, kowane shafi galibi kilobayit 4. A wajen baƙuwa, fassarar hawa biyu ce. Abin da take ɗauka adireshin zahiri ne, a gaskiya sai an sake fassara shi da wani jadawalin na biyu da ke hannun mai masauki. Intel na kiran wannan jadawali EPT, AMD na kiran nata NPT. Wannan adireshi na tsakiya, wanda baƙuwa ke ganin shi ne na ƙarshe, shi ake nufi da adireshin zahiri na baƙuwa, kuma a kan iyakarsa ne duk maganar take.

Baƙuwa kan san iyakar ta hanyar tambayar furosesa da umarnin CPUID, a sashe mai lamba 0x80000008. Amsar da take samu ba daga ƙarfen take fitowa kai tsaye ba. KVM ne ke tare tambayar, ya ba ta duk lambar da QEMU ta tsara a ba ta. Takardun Intel suna kiran wannan lamba MAXPHYADDR.

Inda lambar 40 ta samo asali

Shekara da shekaru, idan ba a ce komai ba, QEMU kan gaya wa baƙuwa cewa tana da bit 40, ko da wace irin na'ura ce ke ɗauke da ita. Bit 40 ne furosesan Opteron na AMD ya fito da su a 2003, kuma a wancan zamanin terabayit ɗaya abu ne da ba wanda ke tunanin cikawa. Lambar ta zauna daram, na'urori kuwa suka watsu hagu da dama. Yawancin furosesan Intel na kwamfutar cinya da ta tebur, tsawon shekaru, bit 39 suke da su. Xeon na saba sun daɗe a kan 46. EPYC na farko-farko na AMD suna da 48, sababbin manyan furosesa na kamfanonin biyu kuma sun kai 52.

Ke nan 40 ta zama lambar da kusan ba ta dace da kowa ba. A kwamfutar cinya ta yi yawa, domin an yi wa baƙuwa alƙawarin wurin da mai masaukin kanta ba ta iya kaiwa. A saba ta yi kaɗan. Ko wane ɓangare aka karkata, akwai irin tasa matsalar, kuma alamominsu ba iri ɗaya ba ne.

Me ya kai ƙaramar baƙuwa can ƙololuwa?

Tambayar da aka fi yi ita ce: baƙuwar da aka ba gigabayit 4 kacal, ina ruwanta da terabayit? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ke buɗe sauran bayanin. Ba memori kaɗai ke cin adireshi ba. Na'urorin da ke jone da kwamfuta, kamar katin hoto da katin intanet, kowanne yana buƙatar a yanka masa wani yanki na adireshi da za a riƙa yi masa magana ta nan, a kira shi taga. Manyan katunan hoto na yanzu taga ɗaya tasu kan ci gomman gigabayit. Manhajar tashi, wadda ke shirya na'ura kafin Linux ko Windows su karɓi ragama, ita ke raba waɗannan tagogi. OVMF, wadda baƙi da yawa ke tashi da ita, a sababbin fitowarta takan duba yawan bit ɗin da aka ce akwai, ta kai tagogin can kusa da ƙarshen fili don kada su yi karo da memori.

Su ma gwaje-gwajen da gangan suke hawa can. A cikin kenel ɗin Linux akwai tarin gwaje-gwajen KVM, kuma wasunsu, kamar dirty_log_test, sukan lissafa shafi mafi nisa da aka ce baƙuwa na iya taɓawa, su ajiye memorin gwajin dab da shi. Hikimar a fili take: kuskuren lissafin adireshi a bakin iyaka yake ɓuya. Sai dai hakan na nufin gwajin ya dogara kacokan a kan gaskiyar lambar da aka ba shi. In lambar ta yi ƙarya, shi ne zai fara faɗawa rami, tun kafin wata baƙuwa ta gaske ta je wurin.

Ramin da ke ƙasa da terabayit ɗaya

Ramin kuwa akwai shi a zahiri. Furosesan AMD suna keɓe wani yanki na gigabayit 12 domin HyperTransport, hanyar sadarwar da ke tsakanin sassan na'urar. A tsofaffin furosesa yankin yana nan daga gigabayit 1012 zuwa 1024, wato dab da cikar terabayit ɗaya. A rubutun lambobi na tushe 16 da injiniyoyi ke amfani da shi, daga 0xFD00000000 ne zuwa 0xFFFFFFFFFF. A zuriyar Zen kuma wurin da furosesa ke keɓewa kan matsa sama: ƙasa kaɗan da iyakar bit 48, ko ta bit 43 idan an kunna kulle bayanan memori.

A duba abin da zai faru ga gwajin da ke neman shafi mafi nisa. CPUID ya gaya masa gaskiya game da yawan bit, lissafinsa ma daidai ne, amma ƙarshen filin da ya nufa shi ne ainihin wurin da aka haramta. A 2021 aka gyara gwaje-gwajen KVM domin su riƙa kauce wa wannan yanki a kan AMD. Paolo Bonzini, mai kula da KVM, shi ya rubuta gyaran, kuma KVM ɗin kansa ba a taɓa shi ba, domin ba shi da laifi.

Ramin bai tsaya ga gwaji ba. Idan aka miƙa wa baƙuwa wata na'ura ta gaske kai tsaye, dole adireshinta su bi ta IOMMU, ɓangaren da ke yi wa na'urori fassarar adireshi kamar yadda jadawalin shafuka ke yi wa furosesa. Daga Linux 5.4 kenel ya fara ƙin amincewa da duk buƙatar da ta faɗa yankin da IOMMU ya keɓe, wanda a kan AMD ya haɗa da ramin da ke ƙasa da terabayit ɗaya. Sakamakon haka baƙi masu memori kusan terabayit ɗaya a kan AMD suka riƙa ƙin tashi idan an haɗa musu na'ura. QEMU 7.1, ta 2022, ta warware wannan ta hanyar tsallake ramin: idan baƙuwa za ta kai wurin, sai a ɗauke duk memorin da ke sama da gigabayit 4 a mayar da shi sama da terabayit ɗaya. To amma sama da terabayit ɗaya bit 40 ba sa isa. Shi ya sa a wannan fitowar aka ƙara bincike tun wajen tashi, wanda ke tsayar da komai da saƙon "phys-bits too low" idan lambar da aka ba baƙuwa ba za ta ɗauki tsarin memorinta ba. Wasu sun ɗauki saƙon a matsayin sabuwar matsala. A gaskiya tsohuwar ce aka fito da ita fili.

Idan aka gaya wa baƙuwa ƙasa da abin da ke akwai

Mutum zai ɗauka rage lamba ba shi da illa. In na'ura na da bit 46 aka ce wa baƙuwa 40 ne, ai ba za ta je inda ba ta san da shi ba. Ga baƙuwa ta yau da kullum haka ne, kusan kullum. Amma akwai wata ƙa'ida a tsarin x86 da ke shiga tsakani, kuma a nan ne aka fi samun faɗuwar gwaji mai wuyar fahimta.

Kowane layi a jadawalin shafuka yana da wurin rubuta adireshi har zuwa bit na 51. Bit ɗin da suka wuce iyakar furosesa ana kiran su keɓaɓɓu, kuma doka ce su zama sifili. Duk wanda ya sa ɗaya a cikinsu, furosesa zai ƙi fassarar, ya ɗaga kuskuren shafi, ya kuma haɗa da wata lambar bayani wadda bit ɗinta na 3 ke kunne, alamar cewa keɓaɓɓen bit ne aka taɓa. Wannan ba ado ba ne. Akwai manhajojin da ke kunna irin wannan bit da gangan a matsayin tarko, domin su san lokacin da aka taɓa wani shafi. KVM ma ya yi amfani da wannan dabara, kuma abin na da muhimmanci idan baƙuwar ita ma tana ɗauke da nata baƙin.

Matsalar ita ce ƙarfen bai san da ƙaryar da aka yi wa baƙuwa ba. Idan EPT na aiki, furosesa da kansa yake bin jadawalin baƙuwa, da tasa iyakar ta gaske yake aunawa. Baƙuwar da aka ce wa 40 ta kunna bit na 45, tana jiran kuskure. Furosesa mai bit 46 ya duba ya ga adireshi ne halal, ya wuce da shi zuwa jadawali na biyu. Kuskuren da ake jira bai zo ba, ko ya zo da lambar bayani dabam.

Akwai gwaji mai suna access a cikin tarin gwaje-gwajen kvm-unit-tests wanda aikinsa ke nan: ya jujjuya bit ɗin jadawali ta kowace fuska, har da na 36 da na 51, ya kwatanta abin da ya faru da abin da takarda ta ce ya faru. Idan rahotonsa ya nuna lambar da aka samu da wadda ake jira sun bambanta da 8 daidai, to bit na 3 ne ya ɓace, kuma da wuya a ce ba saɓanin iyaka ba ne.

A 2020, a Linux 5.9, aka ƙara wa KVM hanyar rufe wannan giɓi, aikin da Mohammed Gamal na Red Hat ya jagoranta. Sunan maɓallin allow_smaller_maxphyaddr. Idan an kunna shi, KVM kan tare kurakuran shafi na baƙuwa, ya bi jadawalinta da kansa, ya ƙirƙiro kuskuren da ya kamata a ce ƙarfen ya ɗaga. Tsadarsa ita ce kurakuran shafi da yawa sai sun fita daga baƙuwa sun dawo, alhali kauce wa irin wannan fita shi ne dalilin ƙirƙiro EPT tun farko. Saboda haka a kashe yake zuwa a kan Intel, a kan AMD kuma ba ya aiki muddin NPT na kunne. Wanda ya gudanar da gwajin ragaggen iyaka ba tare da duba wannan maɓalli ba, faɗuwar da zai gani ba labari ba ce.

Bit 52 a baki, 48 a hannu

Misali mafi sabo ya fito ne daga ɗaya ɓangaren. Jadawalin shafuka da aka saba da shi, mai hawa huɗu, bit 48 kawai yake iya fassarawa. Domin a wuce nan sai an ƙara hawa na biyar, wanda Linux ya fara tallafa wa a 2017. Sai ga furosesan Intel mai suna Sierra Forest, wanda ya shiga kasuwa a 2024, yana cewa yana da bit 52 na zahiri, alhali EPT ɗinsa hawa huɗu ne. Ma'ana, ana iya gaya wa baƙuwa gaskiyar abin da furosesa ya faɗa, amma duk adireshin da ya haura bit 48 babu yadda za a yi a fassara shi.

Alamar wannan ba faɗuwa ba ce, maƙalewa ce. Baƙuwa ta taɓa adireshin, furosesa ya ce babu fassara, ya miƙa wa KVM. KVM ya duba ya ga wurin memori ne na halal, ya yi abin da yake ganin gyara ne, ya mayar da baƙuwa. Ta sake taɓawa, furosesa ya sake ƙi. Haka za a yi ta zagaye, ba saƙon kuskure, ba ci gaba. Ana iya samun irin wannan a kan sababbin AMD ma, domin NPT yana bin yawan hawan da kenel ɗin mai masauki ke amfani da shi. In mai masauki ta tashi da hawa huɗu a kan furosesa mai bit 52, iyakar gaske 48 ce.

Shawarar farko da ta zo ita ce a gaya wa baƙuwa 48 kawai a huta. Masu kula da KVM ba su karɓa ba, kuma dalilinsu shi ne abin da aka bayyana a sama: da zarar an ce 48, bit na 48 zuwa 51 sun zama keɓaɓɓu a idon baƙuwa, ƙarfen kuwa ba zai ɗauke su haka ba. An gudu daga wannan rami an faɗa wancan. Mafitar da aka tsaya a kai ita ce a daina matsa wa lamba ɗaya ta yi aikin biyu. A wannan sashe na CPUID akwai wani gurbi, bit na 16 zuwa 23, da AMD ta tanada tun da daɗewa domin iyakar adireshin baƙi. Gerd Hoffmann ya rubuta gyaran da ya sa KVM ke sanar da iyakar abin da za a iya fassarawa a wannan gurbi, ya shiga Linux 6.10, QEMU 9.1 kuma ta zo da zaɓin guest-phys-bits. Yanzu lamba ta farko tana faɗin inda keɓaɓɓun bit suka fara, ta biyu tana faɗin inda za a iya ajiye kaya. An kuma gyara gwaje-gwajen KVM su fara duba ta biyun.

A ɓangaren furosesan Arm abin ya fi sauƙin ganewa. Can tun wajen ƙirƙirar baƙuwa ake faɗin girman filin, in ba a faɗa ba a ɗauka 40 ne. Da Linux ya fara aiki a kan M1 na Apple, wanda bit 36 kawai yake ba baƙi, sai duk manhajar da ta dogara da tsohuwar al'ada ta riƙa faɗuwa a matakin farko, kafin baƙuwa ta aiwatar da umarni ko ɗaya. Sai da aka ƙara wa gwaje-gwajen tsarin bit 36, aka kuma koya musu su tambayi kenel abin da na'urar ke iyawa.

Yadda ake bin diddigi

Kafin a buɗe lambar manhaja ko a fara neman wane sauyi ne ya kawo matsala, abin da ya fi arha shi ne a jera lambobin a takarda. Umarnin lscpu yana da layin da ke nuna girman adireshi, misali bit 39 na zahiri da 48 na manhaja. A duba shi a mai masauki, a duba shi a cikin baƙuwa. A lura cewa ko a mai masauki abin da Linux ke nunawa na iya bambanta da abin da furosesa ya faɗa: a EPYC na farko-farko da aka kunna wa kulle memori, lscpu kan ce 43, CPUID kuma ya ce 48, domin an cire bit biyar saboda aikin kullewar. Intel ma tana cin bit ɗin sama idan an kunna kulle memori mai makullai da yawa. Saba biyu iri ɗaya sak na iya bambanta saboda saitin BIOS kaɗai.

Sai a koma ga adireshin da gwajin ya faɗi a kansa. A rubutun tushe 16 kowane harafi bit huɗu ne, don haka ƙirga haruffa ya wadatar. Haruffa goma bayan 0x bit 40 ke nan, sha biyu 48, sha uku 52. Adireshi mai haruffa goma da ya fara da FD, FE ko FF a kan AMD ya riga ya faɗi sunan mai laifi. Mai haruffa sha uku a na'urar da jadawalinta hawa huɗu ne, haka nan. Idan gwajin maƙalewa yake yi, kayan bin sawu irin su trace-cmd za su nuna fitowar baƙuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ganin adireshi guda yana maimaituwa ba iyaka ya isa hujja.

Daga nan sai gwaji mai canza abu ɗaya tak. A bar komai yadda yake, a sauya zaɓin phys-bits na QEMU kaɗai, ko a kunna host-phys-bits domin baƙuwa ta ga lambar mai masauki. Wata dabarar kuma ita ce a ɗora KVM da EPT ko NPT a kashe, ta yadda shi da kansa zai riƙa bin jadawalin baƙuwa da lambar da aka gaya mata. In matsalar ta ɓace a nan, an san saɓanin tsakanin ƙarfe ne da abin da aka faɗa wa baƙuwa. In akwai na'urar da aka miƙa kai tsaye, IOMMU ma na da tasa iyakar, a kan Intel na tebur sau da yawa bit 39, kuma Linux na jera yankunan da ya keɓe a fayil ɗin reserved_regions na kowane rukunin IOMMU.

Wani abu da ake yawan mantawa: injinan da ke gudanar da gwaji kai tsaye bayan kowane sauyi, da yawansu su kansu baƙi ne a wajen kamfanonin da ke ba da hayar kwamfuta ta intanet. Abin da gwajin ke kira mai masauki, shi ma lamba aka gaya masa. Kuma yau aikin na iya sauka a kan Intel, gobe a kan AMD. Gwajin da ake ce wa marar tabbas sau tari yana da tabbas sarai, na'urar da ke ƙarƙashinsa ce ke canzawa. Ɗabi'ar buga girman adireshi da sunan furosesa a farkon kowane rahoton gwaji layi biyu ce kawai, amma tana rage kwanakin bincike.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko shi ne a kan abin da ya kamata a gaya wa baƙuwa. Wasu na ganin a faɗa mata gaskiyar mai masauki kawai, tunda duk wata lamba dabam sai ta haifar da giɓi. Red Hat ta bi wannan hanya a tsarin baƙinta. Masu kula da tarin saba kuwa suna da uzuri mai ƙarfi: ƙaura. Ana ɗauke baƙuwa tana cikin aiki daga wata na'ura zuwa wata, kuma ba ta sake tambayar CPUID bayan ta tashi. Wadda ta tashi a kan bit 52 ta baza tagoginta can sama, ba za ta rayu a kan na'ura mai 46 ba. Don haka suka fi son a zaɓi lambar na'ura mafi ƙanƙanta a rukunin, a ba kowa ita. Shi ya sa libvirt, manhajar da ake sarrafa baƙi da ita, ta tanadi hanyoyin biyu, har da ta tsakiya: a bi mai masauki amma kada a wuce wata iyaka.

Duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma haɗarin bai zo ɗaya ba. Lambar da ta yi kaɗan tana karya wata ƙa'ida da 'yan manhajoji ƙalilan ke dogara da ita. Wadda ta yi yawa tana tura baƙuwa ta ajiye kaya inda babu ƙasa. In dole sai an yi kuskure, gara a yi na farko, da sanin cewa gwajin keɓaɓɓun bit zai faɗi kuma an san dalili.

Saɓani na biyu ya shafi gwajin kansa. Idan ya faɗi, shi za a gyara ko KVM? Misalan da suka gabata sun nuna ba amsa ɗaya. A ramin AMD gwajin ne ya yi zato marar tushe, shi aka gyara. A Sierra Forest gwajin ya tono matsala ta gaske, wadda OVMF ma za ta iya faɗawa da tagoginta, don haka sai da aka taɓa KVM, QEMU, manhajar tashi da gwajin baki ɗaya. Hanyar da ta fi jan hankali, kuma ta fi haɗari, ita ce a sauko da adireshin gwajin ƙasa har ya daina faɗuwa. Rahoto zai yi kyau, amma an cire mai gadi daga bakin iyakar da aka ajiye shi ya tsare.

Abin da ake hange

Ba alamar matsalar za ta ragu nan kusa. Katunan hoto da ake haɗa wa baƙi domin aikin ƙirƙirarriyar basira tagoginsu ƙara girma suke yi, ana kuma jona da yawa a baƙuwa ɗaya, don haka manhajar tashi na ƙara buƙatar fili a sama. Fasahohin kulle memorin baƙi, SEV na AMD da TDX na Intel, kowacce tana ɗaukar wani bit na sama ta ba shi ma'ana ta musamman, abin da ke ƙara wata iyakar a kan waɗanda ake da su. Tsofaffin saba masu bit 46 kuma za su ci gaba da zama rukuni ɗaya da sababbi masu 52 na tsawon shekaru.

Gyaran Linux 6.10 ma sai dukkan sassan sun san da shi yake aiki. Sabon kenel da tsohuwar QEMU, ko sabuwar QEMU da tsohuwar OVMF, na nufin lamba ta biyu ba za ta isa inda ake buƙatar ta ba: ko dai gurbin ya zo wa baƙuwa da sifili, wanda a ƙa'ida ke nufin a bi lamba ta farko, ko manhajar tashi ta ƙi duba shi sam. Tunda tsarin Linux masu dogon tallafi kan riƙe tsofaffin fitowa shekaru da dama, irin wannan gamin gambiza zai daɗe a cibiyoyin saba, kuma duk mai bincike zai buƙaci ya rubuta fitowar kenel, ta QEMU da ta OVMF kusa da lambobin bit ɗin da ya tattara.